Abokin Rumfa, Maƙwabci Ne Ko Kishiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora da sassafe, bayan an gama aikin kaka, ya san abin da zan faɗa. Nan ne hanyar Tudun Wada da Doguwa ta haɗu da babban titin da ya taso daga Zariya zuwa Kano. Za ka ga samari tsaye bakin titi, kowa da ɗan kayansa. Wannan ya ɗaure kan keken ɗinki cikin buhu, wancan yana rungume da akwatin gyaran waya, wani kuwa ba shi da kome sai 'yar jaka da kwamfuta a ciki. Daga Kiru su ke, da Bebeji, da Tudun Wada, da ƙauyukan Doguwa na bayan dajin Falgore. Duk Kano suka nufa. Sana'a kam sun iya, abin da ba su da shi shi ne wurin da za su zauna su yi ta.

Da yawansu in sun isa, Fagge su kan sauka, ko wata unguwa mai kama da ita. Fagge tana bayan ganuwa ne, tsakanin Birni da Sabon Gari, ga Kantin Kwari jikinta, inda a ke cinikin yadi da atamfa da shadda. Tun zamanin ayarin raƙuma masaukin baƙi ce, har yau kuwa ba ta bar halinta ba. Amma wurin da kowa ke so ba ya araha. Yaron da ya zo jiya ba shi da ƙarfin kama shago shi kaɗai, balle ga kuɗin ɗakin kwana, ga na ruwa wurin 'yan garuwa, ga na abinci, ga na A Daidaita Sahu. Saboda haka sai ya nemi rumfa ko shago inda mutum biyar ko shida su ke aiki, ya roƙi a ba shi gefe. A raba kuɗin haya, a raba na man inji, a raba na mai gadi. Aljihu kuwa kowa da nasa.

To, a nan tambayata ta ke. Mutumin nan da gwiwarka ke gugar tasa tun safe har dare, sana'arku ɗaya, ƙofarku ɗaya, wanda ya shigo da kuɗi a hannu ko dai ya ba ka ko ya ba shi, mene ne shi a wurinka? Maƙwabci ne wanda hakkinsa ke wuyanka, ko kuwa kishiya ce wadda samunta rashinka ne? Kada ku ce wannan tambayar malamai ce. Mai sana'a yana amsa ta kowace rana, ko ya sani ko bai sani ba. Ni ma na taɓa amsa ta, ban kuwa amsa daidai ba.

Kafin in ba ku labarin, bari mu waiwayi baya kaɗan, don ba yau aka fara irin zaman nan ba. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Wanda ya shiga cikinta ya ga yadda a ke zama, dukawa layi guda, 'yan koli layi guda, masu turare layi guda. Marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 ta ke, rijiyoyin rini ne jere a fili ɗaya, kowane marini da nasa, amma rana ɗaya ke dukansu. Haka kuma fatake na zamanin Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a nan Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro har Gwanja, ya rasu a Kano a 1955. In sun isa gari su kan sauka gidan fatoma, su kwana zaure ɗaya, kayansu ɗaki ɗaya, alhali kuwa duk ciniki ɗaya ya kawo su.

Me ya sa masu sana'a ɗaya su ke cunkushewa wuri guda, maimakon kowa ya nemi lungunsa? Wauta ce? A'a. Mai saye ya fi son inda zai duba goma ya zaɓa. Wanda ya sayo shadda a Kantin Kwari ya nufi Fagge, ya nufe ta ne don ya san can teloli su ke, ko da bai san sunan ko ɗaya ba. Watau tun maƙwabcinka bai ɗauke maka mutum ɗaya ba, zamansa ya jawo maka ashirin. Wannan shi ne bashi na farko da ya ke binka, kai ma kana binsa irinsa.

Yanzu ga labarin. Akwai wani ɗan wana, tela, ya koyi ɗinki a gida, ya tafi Kano a 2022, ya sami gefe a wani shago a Fagge. Su shida ne, kowa da kekensa, babbansu wani dattijo ne wanda sunansa ke kan takardar haya. Shekarar da ta biyo ta zo da wuya. Da farkonta takardun kuɗi suka yi ƙaranci saboda canjin Naira, sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu. Shagon da ke dogara ga inji in wuta ta ɗauke, karo-karonsa ya yi nauyi. Yaron ya wayi gari ana binsa haya da kuɗin mai na wata biyu.

Ana sauran kwana goma Babbar Salla, sai aka yi wa na kusa da shi rasuwa, ya tafi garinsu. Kashegari ga wani Alhaji ɗauke da shadda ta mutum takwas, shi da 'ya'yansa, yana neman telansa. Aka ce ya yi tafiya. Ya dubi ɗan wana ya ce, "Kai fa, ba ka iya ba ne? In za ka gama kafin Salla, karɓi." Yaron ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya buga mini waya, ya ce, "Baffa, ga abin da ke nan. In karɓa?" Ni kuwa ina sane da bashin da ke kansa, don ni ya kan kai wa kuka. Na ce, "Karɓi mana. Rabonka ne ya tsaga. Kai ka kira shi?" Ya karɓa, ya ɗinka, aiki ya yi kyau, ya biya bashinsa, har ya aiko da na cefanen Salla gida.

Mai makoki ya komo bayan sadakar bakwai. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Da ya ji labari sai ya ce, "Allah ya sa albarka," ya hau kekensa. Amma daga ran nan shago ya sake wa yaron. A da, in ya fita salla ko cin abinci, wani kan ce wa mai nemansa, "Zauna, yanzu zai dawo." Yanzu sai a ce, "Ba ya nan." A da, in aiki ya yi wa wani yawa, ya kan miƙo masa wando biyu ko kalmasa, a raba lada. Yanzu sai a kai shagon gaba. Almakashinsa ya dakushe, ba wanda ya ce ga nawa. Ba wanda ya zage shi, ana gaisawa kamar kullum. Da ya zo gida da kaka ya ce mini, "Baffa, mu shida ne a shagon nan, amma ni kaɗai na ke." Maganar nan ta hana ni barci, don ni na ba shi shawarar.

Na zauna na auna hujjojin da na dogara a kansu, na ga uku ne, kowace kuwa tana da ƙamshin gaskiya.

Ta farko, arziki na Allah ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Haka ne. Amma mu kan tuna da maganar nan ne sa'ad da abin ya faɗo hannunmu. In da gaske na yarda rabo ba ya kuɓuce wa mai shi, me ya hana in ce wa yaron ya tsaya ya tambayi mai abu? Ai abin da ke nasa ba zai gudu ba saboda kiran waya ɗaya. Gaggawar da muka yi ita ta tona mu. Ba mu amince da rabon ba, tsoro mu ke ji kada a hana mu.

Ta biyu, Alhaji ɗa ne, ba bawan kowa ba. Shaddarsa ce, kuɗinsa ne, inda ya ga dama zai kai. Wannan ma haka ne, ba kuwa wanda ya ce Alhaji ya yi laifi. Amma ku tambaya, wa ya koya wa ƙafarsa hanyar shagon nan? Wani ne ya yi shekara da shekaru yana yi masa aiki, yana cika alkawari, yana haƙuri da gyare-gyarensa, har ya saba da ƙofar. Yaronmu bai tsinci Alhaji a titi ba, a bakin rijiyar da wani ya haƙa ya same shi. Ikon mai saye daban, hakkin mai rijiya daban.

Ta uku ita ta fi ƙarfi. Mai makoki ba ya nan, ko an ajiye masa ba zai gama kafin Salla ba, in yaronmu ya ƙi, shagon gaba za a kai, kowa ya rasa. Ga kuma bashi. Lalle wannan hujja ta nuna ya kamata a ɗinka kayan a shagon. Amma ba ta nuna a ɗinka ba da sanin mai abu ba. Ashe laifin ba a ɗinkin ya ke ba, a shirun ya ke. Wayar da ya buga mini, da mai makoki ya buga wa, ya yi masa ta'aziyya, ya ce, "Yaya, mutuminka ya zo, zan riƙe maka shi, in ka komo ma yi magana," da ya sami kuɗin, bai kuwa rasa mutum ba. Da ma haka masu sana'a suka gada. Wanda ya tsare wa ɗan'uwansa ciniki ya ci ladan aikinsa, ya fitar wa mai shi da wani abu, mutumin kuma ya koma inda ya saba.

Daga nan na gane amsar tambayata. Abokin rumfa yana takara da kai, ba shakka, takara kuwa ba laifi ba ce. Ka fi shi kyawun aiki, ka fi shi cika alkawari, ka fi shi sakin fuska, duk wannan halal ne. Amma akwai abin da ya bar ka ka gani wanda na shagon gaba bai gani ba. Ka san masu cinikinsa, ka san nawa ya ke karɓa, ka san ranar da ba shi da ko sisi, ka san sa'ad da ba ya nan. Bai ba ka sanin nan don ya zaɓe ka ba, zama ne ya tilasta shi, kamar yadda ya tilasta ka. To, duk abin da ka samu da ƙwarewarka naka ne. Abin da ka samu ta hanyar sanin nan kuwa, amana ka ci. Iyakar ke nan tsakanin takara da ha'inci, ba ta kuwa da wuyar gani ga mai son ya gani.

Wani zai ce, "Malam, in haka ne, sai mu riƙa rufa wa juna asiri a cuci mai saye ke nan?" Ko kusa. Mai saye ma yana da hakki. In abokin rumfarka yana rage yadin mutane, ko yana cire sabon abu a wayar mutum ya sa tsoho, shirunka ba riƙon amana ba ne, haɗin baki ne. Ka same shi a keɓe ka gaya masa. In ya ƙi ji, ka kai maganar ga babban shago ko shugaban layi. In mai saye ya tambaye ka kai tsaye, kada ka yi masa ƙarya. Sai dai ka binciki zuciyarka, don a gyara ka ke faɗa, ko don mutumin ya dawo wurinka? Ma'auni mai sauƙi shi ne, wanda ka faɗakar kada ka karɓi aikinsa, nuna masa wani. In kuwa mai saye ya bar abokinka don kansa, ba ka yi zuga ba, ba ka karya kuɗi a ɓoye ba, to, karɓi. Amma abokinka ya fara ji daga bakinka kafin ya ji daga bakin wani.

Na ambaci samari masu jakar kwamfuta da farko, kada su ce maganar teloli ce ba tasu ba. Zamani ya zo musu da wata irin rumfa. Su tebur su ke nema, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet, a biya na yini, ko na mako, ko na wata. A birnin San Faransisko na Amurka aka fara yayata irin wuraren nan a 2005. A unguwar Yaba ta Ikko akwai wani mai suna CcHUB, wanda mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarta a 2016. Kaduna da Kano ma suna da nasu. Hakkin kuwa bai sake ba ko kaɗan. Wanda ke gefenka yana ganin abin da ke fuskar kwamfutarka, yana jin sunan wanda ka ke magana da shi, da kuɗin da kuka yanka. In ya rubuta wa mutumin nan da dare ya ce zai yi masa a rabin kuɗi, shi da mai karɓe shaddar Alhaji hanyarsu ɗaya, shi ma ya fi laifi, don shi ya je ya nema.

Akwai abin lura cikin labarin wani kamfani mai irin wuraren nan, WeWork, da aka kafa a birnin Niyu Yok a 2010. Sana'arsa ita ce ya kama manyan benaye haya ta shekaru masu yawa, ya yanyanka, ya ba mutane haya ta ɗan lokaci. A 2019 an ƙiyasta darajarsa dala biliyan 47. A watan Nuwamba 2023 ya kai kansa kotu, ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga manyansu shi ne, shi ya ɗaure kansa da alkawarin shekaru, masu zama kuwa ba abin da ya ɗaure su. Ran da iska ta juya, kamar lokacin annobar korona a 2020, kowa ya ɗauki jakarsa. Shagon Fagge mai mutum shida ya sha wuyar 2023, bai watse ba. Bashin wata biyun nan da na ce ana bin ɗan wana, wa ku ke tsammani ya biya mai gida da mai sayar da mai kafin ya samu? Su biyar ɗin ne suka cika suka jira, har da mai makokin. Wannan ban tuna da shi ba ran da na ce rabonsa ne ya tsaga. Tebur a kan same shi da kuɗi, amma wanda zai cika maka ya jira, ba a sayensa.

Saboda haka, ya kai mai shirin tsayawa Kwanar Ɗangora da kayanka, in ka isa kada ka fara da tambayar nawa ne, araha ba ta ado. Je ka zauna wurin mai shayin layin kwana biyu, ka saurara. Ka lura da abin da su ke ce wa mai neman wanda ba ya nan. Ka tambayi shekara nawa mafi daɗewarsu ya yi, ka kuma tambayi abin da ya fitar da wanda ya bar gefen da za a ba ka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka nemi ɗan garinku wanda aka san shi da kirki ya kai ka ga babban shago, in ɗaki ka samu kuma a gabatar da kai ga mai unguwa.

Tun da Allah ya sa ka iya karatu da rubutu, ka roƙi a rubuta kome: haya, da mai, da mai gadi, da ranar biya, da yadda za a yi in an zo neman wanda ba ya nan. Littafin karo-karo a rataye shi inda kowa zai gani. Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Takarda ba ta hana saɓani, amma tana gajarta shi. Wurin kwana kuma ka neme shi kusa da wurin aiki in da hali, don abin da ka rage na haya a unguwa mai nisa, kuɗin mota zai cinye. In a shago za ka kwana, kamar yadda da yawa su ke yi, ka nemi izini, ka naɗe tabarmarka kafin a buɗe. Abin da ka ara ka mayar, ranar shararka ka share. Kada ka bar dutsen guga a jone ka fita. Gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari a watan Maris 2016 ta ƙone rumfuna dubbai, ba ta kuwa tambayi wane ne mai ciniki da wane ne maras ciniki ba. Waɗanda rufinsu ɗaya, sakacin ɗayansu hasarar dukansu ce.

Ƙarshen labarinmu, na ce wa yaron ya koma ya sami dattijon ya gaya masa kome. Ni ma na bi shi Kano, tun da bakina ya jawo. Dattijon ya tara su bayan azahar. Yaron ya ba da haƙuri, ya miƙa sulusin ladan ɗinkin. Mai makoki ya ƙi karɓa, ya ce a zuba cikin kuɗin mai. Ya dube ni ya ce, "Baba, ba kuɗin ne ya yi mini zafi ba. Ina zaman makokin mahaifiyata, kowa a shagon nan ya kira ni, sai shi kaɗai." Na rasa abin da zan ce, sai na sunkuyar da kai.

Da na tashi tafiya, ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa, wani ya leƙo yana neman ɗan wana, shi kuwa ya fita sayen zare. Sai na ji an ce daga ciki, "Zauna, yanzu zai dawo."

Allah ya haɗa mu da abokan zama na gari, ya sa mu ma mu zama na gari gare su. Amin.